Wandunan Tela

"Yaushe ya fara ramewa?" likita ya sake tambaya.

Maman Biyu ta juyo ta dube ni, sai ka ce ni ce matarsa. Ni kuwa rakiya na yi, katanga ce kawai tsakaninmu. Mijinta, Tela, yana kwance bayan labule ana ƙara masa ruwa.

"Likita, ai bai rame ba," ta ce. "Kayansa duk cif suke masa."

Likita ya ajiye biro. Ya ce kansar hanji ce, har ta taɓa hanta. Da an zo tun ganin jinin farko, da wataƙila tiyata ta yi. Yanzu sai maganin da ake sawa ta jijiya, ko zai ja masa kwana. Jinin kuwa duk layinmu an san da shi, an ce basir ne, ciwon masu zaman keken ɗinki, kowa da jiƙon da ya kawo. Muka fito kaina a ɗaure. A bakin ƙofa ta kama mayafina. "Yaya, wai tiyatar za a yi ko ba za a yi ba?" Wallahi ni ma na rasa.

Da aka dawo da shi gida, babbar yayarsa ta iso da faɗa. "Ke da kike ɗaki ɗaya da mutum, ya ƙare a gabanki ba ki gani ba?" Raina ya ɓaci, na ce Hajiya a bar maganar nan. Amma maganar ta riga ta shigi Maman Biyu. Ta daina ci, kullum tambayarta ɗaya, ko ita ta kashe shi da sakaci.

Shi ko a jikinsa. Ina shiga sai ya ɗaga ido da ƙyar. "Maƙwabciya, ɗinkinki ne? Dawo gobe."

"Kai da gobenka!"

Ranar wata Talata da hantsi Tela ya cika.

Bayan an watse daga zaman makoki aka ce a ba ƙaninsa kayansa, wando ko ɗaya bai shige shi ba. Maman Biyu ta ɗauko reza ta zauna a ƙofar ɗaki za ta saki ƙugu. Can na ji kira. "Yaya, zo ki gani."

Ɗinki ne bayan ɗinki, layi-layi, kowanne da kalar zarensa. Ashe duk lokacin da wando ya yi masa yawa, sai ya hau keke ya rage.

"Ɓoye min yake yi?" ta ce. "Ko shi ma gyara kawai ya ɗauka?"

"Ban sani ba," na ce. "Amma wannan ɗinkin ko ni ba zan gane ba."

Ta share ido ta ci gaba da farkewa. Zare na zuba a zaninta, wandon na ta faɗi a kan cinyarta, har ya koma girman mutumin da ta aura.