Mai Gasa Dankali a Ƙofa ta Huɗu

"Mama, don Allah ban da dankali yau," in ji Da-on, tana jan hannun rigar uwarta a kan matakalar tashar jirgin ƙasa.

Uwar, Ok-ju, ta gyara wa ƙaramin ɗanta, Si-hu, hularsa, ta ci gaba da hawa. Mijinta Tae-gon na biye da jaka biyu, numfashinsa na fita kamar hayaƙi.

Kwanansu shida ke nan a Seoul. Daga garinsu Yeosu suka zo hutun sanyi, sun kai yaran fadar sarakunan da, sun kai su kallon kifaye, sun yi wasa da dusar ƙanƙara har yatsu suka sandare. Amma duk inda Ok-ju ta hango mai gasa dankali sai ta ja su can, ta leƙa fuskarsa, ta saya, su wuce.

Mahaifinta take nema. Ran da mahaifiyarta ta cika a asibiti, yana can yana shan giya. A wurin makoki ta ce masa kada ya ƙara nuna mata fuskarsa, shi kuwa ya riƙe maganar shekara tara. A watan jiya gwaggonta ta ce mata ya daina sha, yana gasa dankali a bakin wata tasha a arewacin birnin, sai dai tari ya sa shi gaba. Sunan tashar ne gwaggo ta manta.

"Maman Da-on," Tae-gon ya ce a hankali, "gobe da safe za mu koma. Ƙafar yaran nan ta gaji."

"Saura tasha uku."

"Jiya ma haka kika ce."

"To ku shiga shagon can ku sha ɗumi. Ni zan ƙarasa."

Ya dube ta, ya sauke ajiyar zuciya, ya ɗora Si-hu a wuya. "Mu je tare. Ni dai na kusa zama dankali."

A tasha ta biyu, a ƙofa ta huɗu, wani tsoho na tsaye gaban gangar gashi, ya juya musu baya. Yadda yake karkata kafaɗar hagu ya ishe ta shaida. Ta ja mayafin wuyanta ta rufe hanci da baki, sannan ta matsa.

"Guda biyu," ta ce, muryarta can ƙasa.

Tsohon ya yi tari mai tsawo, ya jawo aljihun gangar, ya zaɓo huɗu. Ya rame ƙwarai, gashinsa ya yi fari fat.

"Biyu na yara ne, kyauta," ya ce. Ya sunkuya wajen Da-on. "Ke 'yar gari, me ya haɗe miki rai haka?"

"Kaka, kullum dankali muke ci. Mama ce ke bin masu gasa shi, wai tana neman wani."

"Wa take nema?"

"Oho. Ba ta gaya mana."

Tsohon ya ɗago. Ok-ju ta tanadi maganganu tun daga Yeosu, ta tsara su dalla-dalla, amma ko ɗaya ba ta zo bakinta ba. Ta sa hannu ta sauke mayafin.

Ya daɗe yana kallonta, ledar dankalin a hannunsa. Mutane na ta fitowa daga tasha suna ratsa su. Sai idonsa ya sauka a kan yatsunta da suka yi ja.

"A wannan sanyin kike yawo ba safar hannu?" ya ce. Ya tuɓe tasa, wadda gawayi ya baƙanta, ya miƙa mata.

Ta karɓa ta sa. Da ɗuminsa a ciki.

"Baban Da-on," ta ce, ba tare da ta juya ba, "a ɗaga tafiyar gobe."