Gurbin da Inji Ya Tsallake

"Nawa ya tsallake yau?" Gwaggo ta tambaya, tun Direba bai gama cire takalmi ba.

"Ya fi ɗari biyu," in ji shi, ya zauna a kan bokitin da aka kifa kusa da gadonta.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, gona ɗaya kuma suke yi wa aiki. Da can mata goma sha biyu ne ke dashen tumatir da kabeji, har aka kawo injin da ke zare tsiro daga faranti ya kafa shi a ƙasa da kansa. Aka ba Direba tuƙinsa, aka sallami sha ɗaya, aka bar Gwaggo tana bin injin da kwando, tana cike gurbin da ya tsallake. Wata biyu ke nan ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ba abin da ke riƙe da ita sai tunanin aikinta na jiran ta.

Alhali babu aikin. Tun makon da ta kwanta aka saka wa injin na'urar gani, yanzu ko tsiro ɗaya ba ya kuskurewa. Direba ya gaji da ƙaryar nan har wuya, amma kullum ya buɗe baki sai gaskiyar ta maƙale.

"Wa ke cikewa?"

"Ni mana. Na riƙe miki wurinki, bayana har ya ƙage."

"Rago! A wata biyu? Miƙo hannunka in gani."

Ya miƙa. Ta juya hannun, ta bi farcen ɗaya bayan ɗaya. Fes suke. Ta daɗe ba ta saki ba.

"Ɗan nan, shekara talatin ina dashe, ban taɓa ganin ƙasa ta bar farce da wanki ɗaya ba." Tari ya sarƙe ta, ya jira ya lafa. "Injin ya koya ke nan?"

"Ya koya, Gwaggo."

"To, madalla. Dama tsugunno ya ishe ni. Ja min mayafin nan."

Ya ja mata, ya rasa ko haƙuri zai ba ta ko gafara zai nema. Ta juya fuska bango.

Washegari da hantsi yana tsakiyar layin dashe matarsa ta kira shi a waya. Bai bari ta gama ba, kukan da yake ji a bayanta ya isa ya gane Gwaggo ta cika. Ya kashe injin, gonar ta yi tsit. Da ya sauko sai ya ga tsiron kabeji ɗaya rataye a yatsun ƙarfen, saiwarsa na ɗigar ruwa, raminsa a buɗe ƙarƙashinsa.