Kafin Ƙarfe Shida

Ko lakar maƙabarta bai kankare daga takalminsa ba, Hajiya ta leƙo zaure ta yafito mijinta, Alhaji Mani.

"Suwaiba ke son magana da kai."

"Yanzu? Ba ki ga 'yan gaisuwa ba?"

"Ta ce yanzu."

Muttaka tela ne. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Alhaji Mani a Daudawa. Ran Litinin ya kife a kan keken ɗinki da wandon wani a hannu, aka kai shi asibiti Funtua, yau Alhamis da hantsi aka dawo da gawarsa. Alhaji Mani ne ya sauka cikin kabarin ya karɓe shi. Har yanzu bai ji komai a ransa ba, abin da kawai ya lura da shi, mutumin ba nauyi.

Ya ratsa mata a tsakar gida, kansa a ƙasa, ya tsaya bakin ɗakin Suwaiba, matar mamacin. Labule a sake.

"Ya haƙuri, ɗiyata?"

"Da godiya, Baba Alhaji."

Sai ga waya an turo ta ƙarƙashin labulen, ta tsaya daidai yatsan ƙafarsa. Ya san ta. Ta Muttaka ce, bayanta ɗaure da kyauron roba.

Suwaibatu malamar firamare ce. Shekara uku ke nan tana karatun digiri ta intanet, a wannan wayar. Sabis kuwa ba ya shigowa unguwarsu, sai an hau dutsen da ke bayan gari. Kullum bayan la'asar Muttaka ke rufe shago ya hau, ya sauko mata da darasi, ya aika abin da ta rubuta.

"Aikina na ƙarshe ne," ta ce, muryarta kamar mai kiran sunayen 'yan aji. "A bakin gadonsa na gama shi. Ƙarfe shida za su rufe. In bai shiga ba, sai in maimaita shekara."

"Ni kika zaɓa? Ni da sunana ma dangwala shi nike? Ga samari nan cike da ƙofar gida."

"In na ba su, kafin magariba gari ya ɗauka cewa an rufe Malam da azahar, ni ina ta boko da la'asar. Kai ba ka da surutu."

Ya duƙa ya ɗauka.

"Mi zan yi?"

"Shafin na nan a buɗe. Akwai wani wuri shuɗi da ake dannawa. Don masu kwamfuta suka yi abin, a waya ɓuya yake yi can gefe. Shi ya san yadda yake fiddo shi."

"Ke ba ki sani ba?"

"Ban taɓa zuwa ba. Dawowa kawai yake ya ce aikin ya tafi."

Ya fita ta ƙofar baya, ya bi ta cikin gonakin masara. Wani mai babur ya tsaya yi masa gaisuwa, ya amsa bai tsaya ba. Rabonsa da hawan dutsen nan tun yana kiwon awaki. Sau biyu ya zauna yana mai da numfashi.

A sama wayar ta fara ƙara ita kaɗai, saƙonnin kwana uku na shigowa a jere. Ya jira ta gama. Rubutun mitsi-mitsi ne, rabinsa ma gefen gilashin ya yanke shi. Babu shuɗi ko ɗaya. Ya sa yatsa. Yatsan da ya shekara arba'in yana ɗinke bakin buhun hatsi, wuri biyu yake dannawa a tare. Shafin ya tsallake zuwa wani. Ya koma baya da ɗan kibiyar da ya sani a tasa wayar. Ya sake, ya sake tsallakewa.

"Kai Muttaka," ya ce a fili, "wagga wace irin wahala ce ka ɗaukar wa kanka?"

Agogon hannunsa ya nuna biyar da rabi ta gota. Rana ta sauko tana dukan gilashin, ya karkata wayar don ya gani. Nan ya ga zane a jikin ledar da aka manna wa gilashin, siriri, daga kusurwar dama ya nufi hagu, an bi shi an sake bi har ya yi fari. Farce ne. Muttaka ba ya yanke na babban yatsansa, da shi yake karya bakin yadi.

Alhaji Mani ya ɗora nasa farcen a farkon zanen, ya ja a hankali har ƙarshensa. Shafin ya biyo shi. Ga shuɗin nan, bai fi ƙwayar wake ba. Ya yi bisimilla ya taɓa shi da ɗan ƙaramin yatsa.

Wani zobe ya yi ta juyawa. Ya ɗaga hannu sama, ya tsaya a haka har kafaɗarsa ta sage. Can sai ga layi ɗaya na koren rubutu.

Bai san abin da rubutun ya ce ba. Ya sauko da wayar a tafin hannu kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, yana taɓa gefenta lokaci-lokaci kada ta mutu rubutun ya ɓace. Haka ya sake ratsa matan, ya tura ta ƙarƙashin labule.

Ya ji ta ɗauka.

"Ya shiga," ta ce.

"To, madalla."

Ya tsaya ko zai ji kuka. Bai ji ba. A tsakar gida wata na tambayar inda aka ajiye ludayi.

"Baba Alhaji."

"Na'am."

"Can saman, akwai inuwa?"

Ya yi tunani. "Babu. Fako ne kawai."

"Bai taɓa faɗa mini ba."

Ta jikin labulen yana hango hasken wayar a cinyarta. Ya dushe, ya ƙara dushewa, sannan ya ɗauke.