Indararon Labaran

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen bazara, zafi kamar bakin murhu, hadari na ta kai-komo a gabas ya ƙi zuba. Ranar ce Ƙasimu magini ya gama daɓe rufin sabon soron Labaran, ya leƙo daga sama ya ce, "To mai gida, saura indararo. Na yumɓu ko na giginya?"

Labaran manomin gyaɗa ne a Wudil. Saboda irin shukarsa ya gina soron, don bara ɓeraye sun yi masa ɓarna a rumbu. Tun kafin laka ta bushe ya jera buhunan a ciki. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Kano, amma ya ga gidajen 'yan reluwe, kuma bai manta ba.

"Ba ko ɗaya," in ji shi. "Na kwano."

Matarsa Hansai, wadda uwarta maginiyar tukwane ce, ta ajiye taɓarya. "Malam, Inna fa ta gasa mana ɗaya, yana nan a jingine."

"Tukunya mai baki biyu zan ɗora wa sorona? Ki dafa wake a ciki."

Ya nemo garwar kananzir, maƙeri ya tsaga ta ya lanƙwasa, Ƙasimu ya dasa ya liƙe gindin da laka yana girgiza kai. Abu ya fito fes, yana ɗaukar ido. Labaran ya mai da tabarmarsa ƙarƙashinsa, duk wanda ya wuce sai ya ja shi da doguwar gaisuwa har ya ɗaga kai.

Ana haka maƙwabcinsa Ɗantani ya ce, "Kai, wannan ƙyalli ai har garin Utai! Allah dai ya tsare shi daga masu dogon hannu."

Maganar ta zauna wa Labaran a ciki. Ran Juma'a, ranar kasuwa, gari ya cika da baƙi, kowa ya gani sai ya ga ɓarawo. Ya sa tsani ya hau, ya jijjiga indararon har ya fito, ya bar rami a kan katanga.

"Malam, ga hadari fa," in ji Hansai. "Ga irinmu a ciki."

"Wannan hadarin kwana goma ke nan yana zolayar mutane."

Ya saƙale abinsa a hammata ya tafi kasuwa. Ana sallame Juma'a, iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Labaran ya kifa indararon a ka ya zura da gudu, kwano na ƙara kamar kalangu, ruwa na kwarara ta bayansa cikin riga. Mahauta suka leƙo daga rumfa suna ihu: "Labaran, yau kai ne soron?"

Ruwan rufi kuwa, da bai sami hanya ba, sai ya bi ramin ya shige cikin ɗanyar katanga. Labaran na shan kwanar gida ya ji rim! Ya tarar da Hansai a zaure, ta rungume hannu.

"Sannu da zuwa, Malam. Alhamdulillahi, ba a sace ba."

Da ruwa ya ɗauke aka duba. Katangar gabas ta tafi, da rabin rufi, da azara goma sha ɗaya. Irin gyaɗa buhu uku ya kwaɓe da laka. Kaza ɗaya da 'yan tsakinta shida sun mutu, sai tsanin Ɗantani da aka aro, shi ma ya karye.