Fuskar Ummaru a Katako

Wuƙar sassaƙa ta suɓuce daga hannun Baba Azeez ta faɗi tsakanin ƙafafunsa, bai iya ko sunkuyawa ba. Tari ne ya sarƙe shi, irin mai jijjiga kafaɗu. Hajo ta ajiye faifan waken da take tsinta, ta miƙa masa ruwa a moɗa. Da ya goge baki ta ga jini a haɓar rigarsa.

"Baba, ka bar katakon nan haka, don Allah."

"Zauna, Mama Ummaru," ya ce da ya samu numfashi. "Sake faɗa min kunnen. Kin ce ya ɗan tashi?"

"Na hagun. Tun yana goye yake kwanciya a kansa."

Ɗakunansu na kallon juna a wani gidan haya da ke bayan tashar mota a Funtuwa. Baba Azeez Bayerabe ne, ya zo garin tun bai yi gemu ba. Rabin allunan shagunan unguwar aikinsa ne, haka zakunan da aka zana a bayan motocin ɗaukar masara. Amma abin da ya fi so shi ne ya sassaƙa hoto a katako, ya shafa masa baƙar tawada, ya danna takarda a kai. A Zariya ya koya, wurin wani Bajamushe mai zane da ya yi wa hidima yana saurayi.

"Mutumin nan bai taɓa zana fure ba," ya taɓa gaya wa Hajo. "Yana yaro yaƙi ya ƙone garinsu. Mata kawai yake sassaƙawa, da ƙunshin kaya a ka, suna tafiya. In na tambaye shi ina za su, sai ya ce shi ma bai sani ba."

Ita ma Hajo da ƙunshi a ka ta shigo Funtuwa. 'Yan bindiga ne suka faɗa wa ƙauyensu, can gaba da Malumfashi, ana tsakar girbi. A gona suka harbe autanta Ummaru, suka tafi da wayarsa, suka cinna wa gidan wuta. Ko hoto ɗaya bai tsira ba. Wata rana tana wanki ta ce wa Baba Azeez, kamar da wasa, fuskar yaron ta fara ɓace mata. In ta rufe ido, wuyan rigarsa kawai take gani. Washegari ya fito da guntun katako ya goge shi sumul.

Tun daga nan kullum da hantsi take zama gefen bencinsa, yana tambaya tana amsawa. Goshin, girar, tabon da lauje ya bar masa a gefen ido.

Ana cikin haka 'yarsa Barakatu, mai shagon atamfa a Kaduna, ta iso. Haihuwar Funtuwa ce, Hausa a bakinta kamar ta gada. Ta zo ne ta kai shi asibiti Zariya, don likita ya ce warin fenti na shekaru ya cinye masa huhu. Baba Azeez ya ce sai ya gama.

Barakatu ta tare Hajo a bakin rijiya.

"Inna, ni ma uwa ce, na san abin da aka yi miki. Amma ɗanki ya riga ya tafi. Nawa uban yana nan da ransa. Kina so in rasa shi saboda katako?"

Hajo ta kasa ɗaga kai. Guga na hannunta, ta manta ba ta zura ba.

Ranar ba ta zauna gefen bencin ba. Ta je ta tsaya nesa kaɗan.

"Baba, na fasa. Ka bi 'yarka. Na tuna fuskar, ta dawo min."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ba ki iya ƙarya ba, Mama Ummaru. Baki kawai ya rage. Yana da wushirya?"

Ta juya ta shige ɗaki ta saki labule. Tana jin ƙarar wuƙar, ƙyas, ƙyas, tana ci tana tsayawa. Haka aka yi washegari ma, ya kira ta har sau biyu, ta toshe kunne.

Ranar da Barakatu ta samo motar da za ta ɗauke shi, da hantsi, ƙarar ta tsaya ba ta dawo ba. Hajo ta leƙo. Yana zaune a bencin, ya jingina da bango, kansa ya karkata, katakon na kan cinyarsa. Ƙuda ya sauka a leɓensa bai kore shi ba. Salatinta ne ya fito da Barakatu, da kofin kokonsa a hannu.

Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Masu shaguna da direbobi suka cika layin.

Bayan an share makoki Barakatu ta kwashe kayan ɗakin. Ba ta yi wa Hajo magana ba tun ranar. Sai da aka gama loda mota ta fito da katakon da gwangwanin tawada, ta durƙusa a tsakar gida. Ta shafa, ta ɗora takarda, ta dinga murzawa da bayan cokali yadda ta ga mahaifinta yana yi tun tana ƙarama.

"Ba don ke na yi ba, Inna. Shi ne ba ya son barin aiki a ƙasa."

Ta ɗaga takardar a hankali. Goshi ya fito, da ido biyu, da tabon, da kunnen hagu a tashe. Daga hanci zuwa ƙasa kuwa baƙi ne ƙirin, don wuƙa ba ta kai wurin ba.

"Shi ne?" Barakatu ta tambaya.

Hajo ta daɗe tana kallo.

"Yana da wushirya," ta ce. "Da na gaya masa."

Barakatu ta goge yatsunta a gefen zani, ta miƙe.

"Kar ki naɗe. Bai bushe ba."

Motar ta tashi. Hajo ta maƙale takardar a igiyar shanya, tsakanin ɗankwalinta da tawul ɗin wani maƙwabci, ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a ƙasanta. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ita kuwa tana kallon sama tana kallon tawadar.