Biyu Sirara, Biyu Kaurara

Motar tseren Auta na tsakiyar gareji, injinta a buɗe kan benci. Ranar Asabar za ta shiga tsere karo na farko, amma yayyen Auta biyu, Babban Yaya da Dogo, sun tsaya gardama kan sandunan fistan, ƙarafan nan huɗu da ke haɗa fistan da karanshaf.

Babban Yaya ya ɗaga irin tasa, kakkaura mai bango biyu da kwari a tsakani. "Wannan ko giwa ta taka ba za ta lanƙwashe ba."

"Giwa ce za ta tuƙa?" in ji Dogo, yana juya siririyar tasa a yatsu. "Injin nan juyi yake so, Yaya. Ka ɗora masa nauyi, ya zama jakin kaya."

"Taka kuwa tsinken sakace."

Auta ta dafe kai. "Ni dai ku ba ni mota."

Tun zamanin mahaifinsu raba inji suke yi: Yaya ya ɗaura fistan biyu na gaba, Dogo biyu na baya. Wanda ya gama sai ya lulluɓe nasa da tsumma saboda ƙura, kuma ba mai leƙa aikin wani.

Da safe Yaya ya zo shi kaɗai. Ya jinjina siririyar a tafin hannu, ya ce a ransa yaron nan ba ƙarya ya faɗa ba. Ya ɗaura sirara biyu, ya lulluɓe, ya fita. Da rana Dogo ya shigo, kunya na cinsa don ya ɗaga wa babba murya. Ya ɗaura kaurara biyu, ya janye tsumman Yaya ba tare da ya duba ba, ya rufe injin.

Da aka mayar da shi cikin mota, Auta ta murza makulli. Motar ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, kofin shayin Dogo ya yi ta tafiya a kan rufinta har ya faɗo.

"Kashe! Kashe!" in ji Yaya.

Suka kwance ƙasan injin, suka haska. Sirara biyu a gaba, kaurara biyu a baya. Sai Dogo ya zube a ƙasa yana dariya.

"Yaya, ashe tsinken sakacen ka sa?"

"Kai fa, wa ya aike ka da jakin kaya?"

Nan gardama ta juye: Yaya ya rantse sai siraran Dogo, Dogo ya ce ai kauraran Yaya ba su da na biyu.

Auta ta shiga tsakaninsu. "Ba turbo mai ƙara ƙarfi a injin nan balle ya lanƙwasa sirara, kuma ƙafata ce za ta taka. Sirara, duka huɗu. Tsumman ma ku ba ni."

Ta cusa shi a aljihu. Da suka ɗaura sirara huɗu suka sake tayar da injin, Dogo ya ɗora wani kofin a kan rufin, cike taf. Ko ɗigo bai zuba ba.