Allura a Gwiwar Hannu

Ranar da likita ya ce ciwon gwiwar hannun matarsa irin na 'yan wasan tanis ne, mai gyaran injin wanki dariya ya yi har da riƙe ciki. Sati biyu yana kiranta 'yar wasa, ita kuwa sai ta yi murmushi ta ɗauki kofi da hagu.

Da magani ya ƙi ci, ya raka ta wurin wata mai jinya da siraran alluran nan da ake kafawa a fata. Ya zauna bakin ƙofa, jakar kayan aiki tsakanin ƙafafunsa, yana ta duba agogo.

Mai allurar ta ce, "'Yar'uwa, nuna min aikin da ya fi tayar da ciwon."

Matarsa ta ɗaga hannuwa ta murɗa iska, ta cije leɓe. Nan take ya gane: haka take matse rigunan aikinsa masu kauri kowace safiya.

"Ba ku da injin wanki ne?"

Wata takwas injin gidansu yana kicin da bokiti a kansa. Bel ne kawai ya tsinke, aikin minti ashirin.

Allurar farko ta shiga fatarta, shi ya runtse ido. Ya so ta tona masa asiri, ta wanke shi tas, ya huta.

"Muna da shi," ta ce a hankali, ko kallonsa ba ta yi ba. "Mai gyara muke jira."